Kukan Motar Mai Gareji

Ba a cika wata shida da rasuwar mijinta ba keken ɗinkin Inna ya fara wani ɗan ƙas-ƙas duk lokacin da ta taka shi. Ita ba ta ma ji ba, don a kwanakin nan hankalinta ba ya jikinta. Ɗinkin take yi kawai don kada hannu ya zauna zuciya ta samu fili. Wata safiya sai ta ji sallama a ƙofa. Maƙwabcinta ne na bayan katanga, wanda kowa ke kira Mai Gareji, da 'yar sifana a hannu, matarsa na biye da shi tana gyara mayafi.

"Matar Yaya, kwana uku ke nan kekenki yana kawo mini kuka," in ji shi. "Ya ce ƙugunsa ke ciwo, kuma ba mai sauraronsa."

Bai tsaya dube-dube ba. Ya ce ta taka, ya durƙusa ya karkata kai, ya ce ta ƙara takawa. Sai ya miƙa hannu can ƙarƙashin matakin ya ɗaure wani noti da ya saki, ya ɗan rage tsawon igiyar, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Keken ya koma tafiya sumul kamar ranar da aka kawo shi. Da ta shiga godiya ya ce ta gode wa maginin da ya yi katangar ba kauri. Matarsa ta zauna suka yi hira har azahar, kuma ran nan ne Inna ta fara yin dariya tun bayan rasuwar.

Ba jini ɗaya ya haɗa shi da marigayin ba. Zaman shekara ashirin da wani abu ne ya sa yake ce masa Yaya, ita kuma Matar Yaya, har yau bai sauya ba.

Shi ɗan mai injin niƙa ne. Yakan ce tun bai iya tafiya ba ake kwantar da shi kusa da injin, idan an kashe ne ma yake farkawa da kuka. Da ya tasa aka kai shi koyon gyaran manyan motoci, ya yi shekaru a ƙarƙashinsu, har Allah ya ba shi nasa wurin a ƙarshen layi: rumfar kwano, rami ɗaya, benci, da bangon katako da aka kafa wa ƙusoshi, kowace sifana da zanen siffarta da farin fenti a inda ake rataye ta. Yana da wata hanyar aiki da ta sa sunansa ya tafi. Ba ya fara buɗe komai. Sai ya ce mai mota ya tayar, shi kuma ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin injin, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Can sai ya ce abu kaza ne, kuma da wuya a buɗe a samu wani abin daban. Da wannan kunnen ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya huɗu. Ukun suna nesa. Auta ce mai yawan zuwa, ita da ke aiki a wani gari, tana zaune da mijinta a hawa na huɗu na wani dogon gini.

Ya haura sittin lokacin da motar wasan ta shigo rayuwarsa. Wani mai kawo masa gyara ne zai yi ƙaura, ya bar masa kwali ya ce ga wata matacciya nan, in ya ga dama ya jefar. Mota ce da ba ta fi tiren shayi girma ba, mai manyan tayoyi masu ƙuraje, ana tuƙa ta daga nesa da rimot. Amma injin gaske ne a cikinta, ɗan mitsitsi, da fistinsa da salansarsa da tankinsa. Ba fetur take sha ba, wani mai ne na musamman da suke kira naitiro, mai wari zaƙi-zaƙi da ke sa ido ruwa. Mako biyu ya yi yana kwance ta yana ɗaurawa. Ranar da ta tashi, kajin layin duka sai da suka watse.

Uwar Auta, wato matarsa, tun ran nan ta raɗa wa motar suna Sauro. Ta ce ta auri mutum mai hankali, ga shi da furfura ya koma jan mota. Ya ce ai ba ja yake yi ba, aikenta yake. Ta ce to ya aike ta ta ɗebo ruwa.

Bayan gidajen akwai wani fili da aka fara gini aka bari, da tudun yashi, tarin tsakuwa, da wani kwari da ruwan sama ya haƙa. Nan yake zuwa duk Asabar bayan la'asar. A hankali ya samu abokai biyu, Mai Kemis da Malamin Lissafi, su ma manya da iyali, sai dai motocinsu masu batir ne. Tagar ɗakin Inna ta baya tana kallon filin, kuma nan take ajiye keke saboda haske, don haka ko ba ta so sai ta gani, sai ta ji. Da haka ta haddace gardamarsu kamar karatu.

Mai Kemis yakan ce tasa caji kawai take so, ka ɗora ta a ƙasa ta tashi kamar an harba ta. Ba wari, ba maiƙo, ba ƙona yatsa, matarsa ma a falo take barin ta. Malamin Lissafi yakan ƙara da cewa kafin Mai Gareji ya gama ɗumama fulogi, ya ja igiya, ya murɗa wannan ya murɗa wancan, su sun zagaya fili sau goma. Mai Gareji ba ya musu. Yakan jira ne har batirinsu ya ƙare su zauna a kan bulo suna jiran caji, sai ya zuba wa tasa mai cikin ƙiftawar ido, ya wuce ta gabansu da ita tana tayar musu da yashi, siririn hayaƙi na bin ta a baya. Ya ce tasu kurma ce kuma bebiya, ba ta faɗin abin da ke damunta sai dai ta mutu. Tasa kuwa idan mai ya yi mata yawa sai ta yi kukan mai mura, idan ya yi kaɗan ta yi kukan mai jin ƙishi, ranar zafi da muryarta, ranar ruwa da muryarta. Akwai wata 'yar allura a jikin kafiretar da yake murɗawa kaɗan-kaɗan, kamar mai ɗanɗana gishiri, har kukan ya zauna inda yake so.

Shekara bakwai Sauro ta yi tana kuka a filin nan. Sai injin ya gaji. Ya ce fistin ya cinye, idan ka ja igiya ba ka jin komai yana riƙewa, kuma irinsa an daina kawowa. Asabar uku ya je fili hannu rabbana ya zauna a kan bulo.

A wannan tsakanin Auta ta zo. Da ta ga yadda uban ya yi sanyi ta ce ita za ta saya masa sabuwa, ya yi shawara da zuciyarsa, ƙarshen wata za ta dawo su je shago ya zaɓa. Amma ba ta tafi ba sai da ta tayar da tsohuwar maganarta, cewa ya rufe gareji su koma wurinta shi da uwar, ga ɗaki nan a share yana jiransu. Ya ce shi ba tantabara ba ne da zai zauna a hawa na huɗu. Suka ja, suka ja, har suka tsaya a kan magana ɗaya a gaban Uwar Auta: muddin yana iya aikinsa ba mai taɓa shi, ranar da ya kasa kuwa ba gardama, sai ya miƙa makulli. Uwar Auta ce ta kawo wa Inna labarin da ɗuminsa. Ta ƙara da cewa ita dai addu'arta ya zaɓi mai batir, hancinta ya huta, ta daina wanke riguna masu maiƙo.

Kowa ma abin da ya ce ke nan. Mai jegon gidan kusurwa ta aiko a gaya masa jaririnta na gaishe shi, yana roƙon a zaɓi marar kuka. Mai Kemis ya ce magana ba ta kai gwaji ba, ya zo ranar Asabar ya tuƙa tasa ya ji yadda duniya ta ci gaba.

Inna na bakin taga ran nan tana kafa hannun riga. Ta ga Mai Kemis ya miƙa masa rimot, ya ajiye motar a gabansa. Mai Gareji ya matsa, motar ta fita da ɗan sautin nan nata kamar ana yaga sabon yadi, ta yi nisa, sautin ya ɓace cikin iska. Mutumin da shekara bakwai yake bi da Sauro ta tsakanin bulo biyu ba ta taɓa ko ɗaya ba, sai ga shi tsaye yana juya kai hagu da dama kamar wanda aka kira bai san daga ina ba. Motar ta yi dama, fuskarsa na kallon hagu. Ta haye tarin tsakuwa, ta wuntsila, ta faɗa kwari tayoyi a sama, shi kuwa yatsansa na kan rimot yana ta tuƙi.

Abokan suka yi ta dariya. Malamin Lissafi ya ce saurin ne ya fi ƙarfin tsoho. Mai Gareji ya taya su, ya ce mota ce marar tarbiyya, ba ta sallama in za ta tafi. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga ƙafa daga kan keke, abubuwa suna ta dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ta tuna ba ya gane ta a hanya sai ta yi magana. Ta tuna ranar da ya zuba shayi rabi a kofi rabi a tire ya ce butar ce ta karkace. Ta tuna yadda yake shafa bangon katako da tafin hannu kafin ya ciro sifana. Kuma sai yanzu ta lura cewa ko lokacin Sauro, an daɗe rabon da ta ga ya bi motar da fuska. Kunnensa na dama yake juya mata, kamar yadda ya yi wa kekenta.

Kwana huɗu tana juya abin a ranta. Ita ba mai shiga sha'anin mutane ba ce, tsakaninta da duniya gaisuwa da ɗinki. Ta kai maganar gaban Allah a sujada, ta roƙi ya nuna mata ko shirun ne alheri. A rana ta biyar da hantsi ta ɗauki rigar aikinsa da Uwar Auta ta kawo a yi wa faci, ta ce bari ta kai masa da kanta.

Ta same shi shi kaɗai a bakin rumfa yana wanke wani ƙarfe a kwano. Suka gaisa, ya tambayi keke, ta ce lafiya lau. Ta ce ga rigarsa. Amma maimakon ta miƙa ta gabansa, sai ta riƙe ta can gefe, ba ta ƙara cewa uffan ba. Ya goge hannu ya miƙa inda muryarta ta fito. Hannun ya kama iska. Ya ɗan lalubo, ya tsaya, sannan ya sauke shi a hankali.

"Tun yaushe?" in ji Inna.

Can ya ce shekara biyu ke nan da ya fara ganin kamar hayaƙi, yanzu kuwa komai kamar ta bayan gilashin banɗaki yake ganinsa. Haske da duhu da motsi, shi ke nan. Ya ce aiki bai gagare shi ba, don injin kunne da hannu yake so, kuma ya daina gwada mota a titi tuntuni, mai ita yake sawa ya tuƙa shi yana gefe. Ya ce idan ya zaɓi mai naitiro, kowa zai ce taurin kan tsoho ne, a yi ta mita a gaji, asirinsa a rufe. Idan ya ɗauki mai batir, Asabar biyu ta isa kowa ya gane. Kuma ranar da Auta ta gane, makulli ya tafi.

"Matar Yaya, me zan yi a hawa na huɗu? In zauna ina sauraron firij?"

Inna ta ce ita ba ta san hawa na huɗu ba. Abin da ta sani shi ne Yayansa shekara guda ya yi yana ɓoye ciwon cikinsa, yana cewa yunwa ce, yana cewa gajiya ce, don kada a kwantar da shi shagonsa ya tsaya. Ranar da aka kai shi, likita ya dube ta ya tambaya me ya sa sai yanzu. Ta ce ta san kwana idan ya ƙare ya ƙare, ba ta jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma tambayar nan ita aka yi wa, ba shi ba, kuma har yau ita ke ɗauke da ita.

"Kada ka bar wa Uwar Auta irinta," ta ce. "Ni ba zan faɗa wa kowa ba. Bakinka ne."

Ta ɗora masa rigar a hannu ta juya. Har ta kai ƙofar gida ba ta ji ƙarar kwanon wankinsa ba.

Ƙarshen wata Auta ta zo da mota. Uwar Auta ta matsa wa Inna lallai ta raka su, ai tana neman zare, kuma ita ba za ta iya da uba da 'ya ita kaɗai ba. Shagon na cikin wani dogon layi na masu kayan lantarki, ciki cike da kwalaye har rufi, fanka na juyawa a sama. Mai shagon ya sauko da motoci biyu ya jera a kan kanta. Da ya ga furfura sai ya tura mai batir gaba, ya ce wannan ita ce ta hutu: ba kunna wuta, ba jan igiya, ba wankin hannu, ko a tsakar gida Baba zai iya wasa da ita maƙwabta ba su sani ba. Ɗayar kuwa sai mai haƙuri, don sabon injin sai an yi masa reno, a ba shi mai tanki-tanki ana tafiya a hankali kafin a sake shi. Auta ta ce ai magana ta ƙare. Uwar Auta ta ce Allah ya yi wa mai shago albarka.

Mai Gareji ya ɗora hannu a kan ta farko, ya shafa ta, ya ɗaga ta ya ji nauyinta. Ya koma kan ta biyu. Yatsunsa suka sami kan injin, suka bi salansa, suka tsaya a kan 'yar allurar. Ya ce wannan.

Auta ta ajiye jakarta a kan kanta. Ta ce Baba, mahaifiyata ba ta so, maƙwabta ba sa so, hannunka duk tabon ƙuna ne, abokanka sun bar irin wannan tun tuni. Ta ce ba ta ƙi ba, ita ta ce ya zaɓa, amma ya ba ta dalili ɗaya tak wanda ba taurin kai ba.

Inna na tsaye a baya kusa da ƙofa, carbi na tafiya a cikin mayafinta. Ta ga ya ɗan karkato kunne wajenta. Ba ta ce komai ba, ko tari ba ta yi ba.

"Don tana kuka," in ji shi. "Da kukan nake sanin inda take. Auta, ba na ganin motar. Ke ma nan da kike tsaye, muryarki nake gani."

Mai shago ya sami abin gyarawa a can ƙarshen kanta. Uwar Auta ce ta fara magana, ta ce ashe shi ya sa ya daina cewa ta yi wa gida shara rabi da rabi, ita da ta zaci hankali ya zo masa. Ta ce shekara arba'in suna ɗaki ɗaya amma a shagon mutane za ta ji. Ta kama hannun rigarsa ta riƙe, kamar za ta girgiza shi, kuma ba ta saki ba har suka fita.

Auta ta ce asibiti yanzu-yanzu. Ya ce mota tukuna. Ta dube shi ta dubi motar, ta share ido da bayan hannu, ta ce wa mai shago ya naɗe mai kukan. A but ɗin mota aka sa kwalin, daga nan ba su tsaya ko'ina ba sai asibitin ido.

Inna na kan benci a waje tana ta salati har suka fito. Likita ya ce yanar ido ce a duka biyun, ta yi kauri, amma irin wadda ake cirewa ce. Na dama yana da kyakkyawan zato a kansa. Na hagu an bar shi ya daɗe, sai an shiga za a sani. Za a fara da ɗaya, bayan makonni a yi ɗayan, kuma daga ranar aiki har mako shida ba hayaƙi, ba ƙura, ba sunkuyo a kan injin. Ya yi masa faɗa kamar ɗansa, Mai Gareji na cewa to, to, Allah ya huci zuciyar likita.

Suka kamo hanyar gida. Sai da suka shigo layi, motar ta tsaya daidai rumfar kwano, ya laluba aljihu ya ciro makullin gareji ya miƙa wajen da Auta take. Ya ce alkawari alkawari ne. Ta dubi makullin ta ce alkawarin cewa aka yi ranar da ya kasa aiki, ita kuwa ba ta ji wanda ya dawo da mota ya ce gyaran bai yi ba. Ta ce ya mayar aljihunsa, a sake zama bayan an cire bandeji. Uwar Auta ta ce ita dai ko an cire ko ba a cire ba, ba ta hawa bene da wannan gwiwar.

Kwana tara aka ba shi kafin aikin, kuma bai bar ko ɗaya ya tafi a banza ba. Kullum bayan la'asar yana fili yana renon sabon injin. Da kansa ya gaya wa abokan. Malamin Lissafi ya cire hula ya mayar, ya ce a yafe masa dariyar ran nan. Mai Gareji ya ce ya yafe, da sharaɗin ya tsaya a bakin kwari ya riƙa ihu idan mota ta nufo. Haka aka yi: babban malami da tabarau yana tsalle yana cewa hagu, hagu, Mai Kemis na bin motar da kwalbar mai. Tankin farko ta yi ta tari tana mutuwa. A na uku muryar ta fara washewa. A na biyar ya murɗa allurar kaɗan, ya saurara, ya ƙara kaɗan, sai kukan ya miƙe siriri ya cika filin, har mai jego ta leƙo da jariri a kafaɗa. Ba ta yi mita ba, don labari ya riga ya zaga layi. Ta tsaya ma ta kalli zagaye biyu.

Ana gobe za a yi aikin, da safe, Inna ta ji sallama. Shi ne, rungume da motar a cikin tsohon tawul, Uwar Auta na riƙe da gwiwar hannunsa tana gaya masa ga dakali. Ya ce ya zo ba da ajiya. Ya ce irin wannan injin idan aka bar shi a zaune tsatsa ke cinsa ta ciki, saboda man nan yana jan danshi. Ya juye tankin ya bushe, saura abu ɗaya: duk mako a ɗiga masa ɗigo uku na wani mai ta bakin kafireta, a ja igiya a hankali sau biyar, ba don ya tashi ba, don dai man ya zaga. Ya ɗora yatsansa ya nuna mata wurin, ya sa ta ja ya ji, ya ce ta cika sauri, ta sake. Ya ce Uwar Auta ba za ta iya ba, kwalbar duka za ta juye don ta rama. Uwar Auta ta ce ai da a rijiya za ta jefa ta. Mai Kemis kuwa hannunsa na ƙaiƙayi, kafin a cire bandeji ya kai ta kwari.

Inna ta karɓa da hannu biyu, ta ce in sha Allahu ba za ta manta ba, Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunsa. Ta yaye tawul ɗin kaɗan ta duba, ta ce kai, amma kyakkyawa ce, ga ta—

Ya ɗaga hannu da sauri.

"Tsaya, Matar Yaya. Na hana Auta, na hana wannan, na hana su Malam. Ke ma ina roƙonki, ko na zo ina yi miki wayo da bandeji a fuska, kada ki gaya mini launinta. Ki bar mini shi in zo in gani da kaina."